Ranar da Alhaji Halilu Ya Kori Mujiya

Akwai wani ɗan kasuwa a Fagge, Alhaji Halilu, wanda sayar da atamfa ya yi wa rana a Kantin Kwari, shekarun da kuɗin fetur suka cika gari. Ba ya tsoron asara, amma kukan mujiya na kaɗa masa hanta. Ya ji kukanta a makon da mahaifinsa ya rasu, tun daga nan ya yarda mutuwa take kira.

Ya gaji gona a bayan gari mai ɗan kurmi: tsamiya, kanya da ɗorawa. Can Gwaggon da ta raine shi take zaune, ta ƙi komawa birni.

Wata rana cikin hira Gwaggo ta ce mujiyoyi sun yi sheƙa a kogon tsamiya. Washegari ya je Sabon Gari ya ɗauko Boniface mai katako.

Boniface ya zaga kurmin, ya ce, "Alhaji, mu rage rassa, mu bar manyan nan. Mujiya ke cin ɓera. In ta tafi ɓera zai yi yawa, kuma ɓera ba ya zuwa shi kaɗai."

"Sara na kira ka, ba wa'azi ba! So kake ta kira wa uwata mutuwa?"

Kwana uku kurmi ya zama fili fetal. Alhaji ya sami barci.

Kaka na yi, ɓeraye suka mamaye rumbu. Sai aka fara ganin jan cikin macizai a kan rairayi, yau a bakin rijiya, gobe a ƙofar ɗaki. Gwaggo ta daina fita ba sanda.

Ranar wata Laraba da hantsi, Alhaji da Boniface suka zo kwasar sauran gumagumai. Suka tarar da Gwaggo a bakin rumbu, ƙwarya a hannu, ta sandare. Gabanta gamsheƙa ce ta fasa kai.

Alhaji ya ja da baya.

"Mama, rufe ido!" in ji Boniface.

Bai rufe baki ba gamsheƙar ta feshe Gwaggo da dafi a ido, ta sulale ƙarƙashin rumbu. Boniface ya yi ta sheƙa mata ruwan randa a fuska, suka saka ta a mota, Alhaji na tuƙi yana kuka kamar yaro.

Rai ya tsira, amma idon hagu ya tafi.

Da aka sallame ta, ta laluba hannunsa ta ce, "Halilu, shekara talatin mujiyar nan na gadina, ko ƙwayar dawa ba ta taɓa nema ba."

Damina na faɗuwa ya dasa tsamiya ashirin. Ya tambayi Boniface yaushe za su yi kogo.

"Jikokinka za su gani, Alhaji."

Darasi: Kafin ka sare itace a gonarka, tambayi wa ke kwana a kansa da aikin da yake yi maka. Camfi ya kori mai gadi, ya bar ƙofa a buɗe. Ku tura wa duk mai gona da kuka sani.