Ranar da Manhaja Ta Tafi Hutun Sallah

Ku matso, yau akwai shari'a. A Zariya aka yi wani Haladu, shi da abokan aikinsa uku, Nafi'u da Lawandi da Sadisu, suna rubuta manhaja wa wani kamfani na ƙetaren teku mai kai wa tsofaffi magani har gida. Haladu gwani ne, sai dai gwanin ma yakan yi tuntuɓe. Da ya zo tsara ranakun hutu a manhajar, ya zuba na ƙasarmu, shi a ganinsa duk duniya tare take yanka rago.

Ranar Babbar Sallah manhaja ta ce yau hutu ne. Motoci ba su fita ba, tsofaffi masu ciwon sukari na can suna jiran allura. Mai kamfani ta bugo waya, ta ce a gyara kafin azahar kuma a faɗa mata mai laifi, ta sallame shi. Haladu ya buɗe kwamfuta, amma ya kasa gano kuskuren.

Nafi'u na tsakiyar fiɗa ya ajiye wuƙa. Da ƙarnin jini a hannunsa ya bi layukan manhajar ɗaya bayan ɗaya har ya tono kuskuren ya gyara.

Amma babu wuta, kwamfuta na shirin mutuwa, gyara bai tafi ba. Lawandi ya ɗaure janareto a bayan babur, ya keta cunkoson masu yawon Sallah, sabuwar shaddarsa ta sha baƙin mai. Ya iso, aka kunna, aka tura gyaran.

Sadisu kuwa shi ya tari matar a waya. Ya karɓi lambobin direbobi, ya fara tura su gidajen masu allura tun gyara bai isa ba. Da ta sake neman suna, ya ce, "Ranki ya daɗe, mu huɗu muka duba aikin nan. In kora ce, ki haɗa da ni." Sai ta bar maganar.

Haladu ya yi hawaye, ya ce, "'Yan'uwa, kun rufa mini asiri, Allah ya rufa naku."

Ba a jima ba matarsa ta haifi namiji, ya ƙudura zai yi wa ɗayansu takwara. Ga liman ya zauna, ga goro an raba, yaro kuwa ɗaya ne. To jama'a, sunan wa za a raɗa masa?