Akushin da Ke Naɗa Sarkin Gayya

Ga ta nan ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya ɗaga kai.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A garin dabbobi Sarkin Gayya ya mutu. Ga damina a bakin ƙofa, babu mai tara jama'a a nome gonakin tsofaffi. To, garin suna da wani akushi mai ƙafafu da baki, shi ke naɗa sarki. A cika shi da tuwo, a ci, wanda akushin ya bi har gida shi ne sarki.

Gizo ya ji sarki ke rabon nama ranar gayya, ya ruga wurin uwarsa. Ta ce, "Me na koya maka tun kana goye? In ka ga kwano, ko ƙanzo kada ka bar wa ɗan wani."

Ranar farko Gizo ya cinye, ya suɗe, ya lashe. Akushi ya ce, "Malam, cakulkuli kake yi mini. Ina na yara?"

Rana ta biyu Kunkuru ya raɗa wa Gizo, "Ana rage wa ƙanana." Ya rage loma guda, ya kai har zaure, sai ƙafafunsa suka juyo da kansu. Ya ce, "Ban yi mata sallama ba." Ya haɗiye ta.

Rana ta uku ya sa aka ɗaure masa hannu da ƙafa kamar damin dawa. Yana zaune bakinsa ya miƙe, ya yi ta tsawo. Akushi ya zura da gudu, baki na biye, suka zaga kasuwa Gizo bai motsa ba.

Akushi ya faɗi gaban Bushiya, tana ɗauke da itacen tsohuwar Akuya. Ta sauke, ta yi loma uku, ta tura wa 'ya'yan kurciya sauran, ta ɗauki itace ta wuce. Da ta waiga, ga akushi ƙwas-ƙwas a bayanta.

"Bawan Allah, lafiya?"

"Ke ce sarki."

"Ni? A gidanmu babba ke fara tsame hannu, in ya ƙi Inna ta ƙwala masa muciya. Ban zo neman sarauta ba."

"Shi ya sa," in ji akushi.

Sai ga uwar Gizo ta zo ciniki wurin akushi. "A ba ɗana rabin sarautar."

"Albarka."

"To, rabon naman kaɗai."

"Albarka."

"To, ya riƙa wanke ka."

Akushi ya ce, "Iya, da harshe zai wanke. Albarka."

Bushiya ta tara gayya, aka nome gonar kowane tsoho kafin ruwa ya yi nisa.

Kun ji, Barira, Tasi'u. Ni a kasuwa ba a taɓa kwashe ni a araha ba, amma a gidana babu yaron da ya tashi da yunwa. Wanda aka koya wa rage wa ƙaninsa a gida, shi zai rage wa gari in ya girma.

Ƙurungus kan kusu, ku raba, babba ya ɗauka a ƙarshe.