Koren Zare a Layin da Babu Ruwa

Sharhabil gwanin fenti ne, wannan kam ba mai ja. Rabin allunan shagunan Badarawa shi ya rubuta su. Illarsa ɗaya: ba ya iya jin an yabi wani. Ko shayin wani ka yaba a gabansa, sai ya ce ai sukari ya yi yawa.

Wata ƙungiya ta yi niyyar haƙa burtsatse guda a unguwar, tana son sanin layin da ya fi shan wahalar ruwa. Sai ta ɗauko Bara'atu, wata mai zane daga Unguwar Dosa. Bara'atu ta zana layukan unguwar a wani dogon bango bakin kasuwa, ta kafa wa kowane gida ƙusa. Gidan da ke da ruwa zai ɗaura koren zare. Wanda ba shi da shi zai ɗaura ja, ya rubuta sunan mai ɗebo musu ruwa a ƙasa.

Jama'a suka yi ta tururuwa, har masu Keke suna rage gudu su kalla. "Kai, yarinyar nan ta iya!" Kowane yabo sai ya soki Sharhabil a ƙirji. A unguwarsa, a ce an tsallake shi an ɗauko baƙuwa? Abinci ma ya daina yi masa daɗi.

Rijiyoyin layinsu sun daɗe da ƙafewa, kowa ya sani. Sai ya ƙudurta cewa in layin nan ya fito kore, za a ce bangon ƙarya yake yi. Bayan La'asar ya samu dattawan layin a majalisa.

"Baba Ɗayyabu, ku ne manya," in ji shi. "Yanzu mutum da girmansa ya je bakin kasuwa yana tallan babu? Har da sunan iyalinsa a bango! Ina rufin asiri?"

Malam Ɗayyabu, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya gyara hula. "Wallahi ka yi gaskiya. Mu ba mabarata ba ne."

Layin kaf ya ɗaura kore. Bara'atu ta yi mamaki, ta tako da kanta ta durƙusa ta gaida tsohon.

"Baba, da gaske kuna da ruwa?"

"Alhamdu lillahi, 'yata, asirinmu a rufe yake."

Ta sake tambaya, amsar ba ta canza ba. Ta ya za ta ƙaryata dattijo a ƙofar gidansa?

Ba wanda ya ce bango ya yi ƙarya. Aka kai injin haƙa can wani layi inda jan zare ya yi yawa. Ranar da ruwa ya ɓulɓulo, guɗar matan can har tsakar gidan su Sharhabil. Mahaifiyarsa, Inna Harira, ta riga ta ji wanda ya kawo shawarar. Ta jawo jarka biyu ta dire a gabansa.

"Tashi, mai rufin asiri. Daga yau matarka ta daina zuwa ɗibar ruwa. Ka je can burtsatsen ka bi layi, ka roƙe su da bakinka."

Darasi: hassada ba ta tsayawa kan wanda aka nufa, ta kan na gida take fara bi. Faɗin buƙata a inda ake neman maganinta kuma ba tonon asiri ba ne. Kafin ka karɓi shawara, duba abin da ke cin zuciyar mai ba ka ita.