Dalilin da Ya Sa Akushi Yake Baƙi

Dalilin da ya sa kuke ganin akushi baƙi ƙirin, ga zurfin ciki, kuma kowanne da irin tasa ƙirar, ku gyara zama ku ji, yara. Da can ba haka yake ba. Fari ne tas, shimfiɗaɗɗe kamar faifai, kuma duk ƙirarsa ɗaya ce. In ka ga na gidanku, ka ga na gidan kowa.

A wancan zamani, a wani ƙauye da ke gindin dutse, an yi wani masassaƙi ana ce masa Jatau. Wansa Barmo shi ne Sarkin Sassaƙa, mutum ne da ba ya wasa da abin da ya gada. Shi kuwa Jatau hannunsa na da kyau, sai dai aikin ya gundure shi. Kullum sara ɗaya, akushi ɗaya. Yakan ajiye gizago ya shiga daji yana leƙen sheƙar tsuntsu, yana jujjuya ƙwallon goruba, ko zai ga wata sabuwar ƙira. In ya dawo ya zauna gaban ice, sai hannunsa ya koma kan abin da ya saba.

Matarsa Tabawa takan yi masa dariya ta ce, "Maigida, tuwo dai bai taɓa kai ƙarar akushi ba."

Shi kuma ya ce, "Ke ba ki gane ba. Roƙona Allah ya nuna mini wata ƙira kafin in mutu."

Ƙirar ta zo, amma ta ƙofar da Jatau bai zata ba.

Wata shekara bayan an gama girbi, ciwo ya kama Tabawa, hannuwanta suka fara rawa. In ta ɗauki akushin kunu, kafin ya kai baki rabi ya zube a zanenta. Matar da take ciyar da gida da baƙi, sai ga ta tana ture abinci tana cewa ta ƙoshi. Jatau ya gane kunya ce, ba ƙoshi ba. Ya ɗauki ludayi zai ba ta a baki, ta kau da kai.

"Ni ba jaririya ba ce, Maigida. Bar ni da sauran mutuncina."

Ran nan ya gan ta a gindin randa, ta haɗa tafukan hannunta ta lanƙwasa yatsu tana shan ruwa. Ya tsaya yana kallo. Daga nan ya fita ya ɗauki guntun icen maje, ya rarake shi da zurfi, ya lanƙwaso bakinsa ciki kamar waɗannan yatsun. Aka zuba kunu, Tabawa ta ɗauka, hannu na rawa, kunu na kaɗawa, amma ko ɗigo bai zuba ba. Ta shanye, ta dube shi ta yi murmushi.

Labari ya kai kunnen Barmo, ya zo ya ɗaga akushin yana yatsina fuska. "Wannan fa? Turmi ne ko me? Haka ubanmu ya koya mana?"

"Yaya, ba na kasuwa ba ne. Na Tabawa ne."

"To ya tsaya a ɗakinta. Ranar da na gan shi a waje, zan karɓe gizagonka."

Ciwo bai tsaya ba. Da yatsunta suka kasa riƙo, Jatau ya sassaƙa mata mai kunne biyu, tana zura hannu a ciki. Da ɗagawa ta gagara, ya yi mata mai faɗin gindi wanda zai zauna a cinya ba ya karkacewa. Ƙira sai zuwa take yi masa ba tare da ya nema ba, amma ya daina murna da ita. Ya lura duk sabon akushi ya fi na baya ƙanƙanta, kuma duk sanda ya gama ɗaya, matarsa ta ƙara yi masa nisa.

Na ƙarshe ɗan mitsitsi ne mai tsinin baki, don ya riƙa ɗiga mata ruwa tana kwance. Da hantsi ya gama kankare shi, ya cika shi da ruwa, ya shiga ɗaki yana cewa, "Tabawa, ga wani kuma." Ba ta amsa ba. Rai ya yi halinsa.

Bayan an share makoki, Jatau ya tara sassaƙen ice a tsakar gida, ya jibga akusan Tabawa a kai, ya cinna wuta. Barmo na tafe zai duba ƙanensa, ya hango hayaƙi. Da ya ga abin da ke ci, ko sanda bai nema ba, ya cusa hannu cikin wutar yana fizgo su ɗaya bayan ɗaya.

Jatau ya riƙe rigarsa yana kuka. "Bar su, Yaya! Ni na roƙo su. Da ban roƙa ba, da tana nan."

"Kul, kada ka yi saɓo! Roƙonka bai kawo ciwo ba. Da waɗannan ta ci abinci da hannunta har ƙarshe, su za ka ƙona?"

An ceto akusan, amma sun yi baƙi ƙirin. Aka wanke, aka goge da man kaɗanya, baƙin ya ƙi fita, sai ma sheƙi da ya ƙara. Hannuwan Barmo kuwa wuta ta ƙone su. Suka warke a ƙanƙame, bai sake riƙe gizago ba har ya bar duniya. Da akushin Tabawa mai kunne biyu ya ci gaba da cin tuwo, a zaure, a gaban kowa.

Mutane suka gani, suka kuma lura baƙin akushi ba ya tsagewa, gara ba ta cin sa. Sai aka fara sallama a ƙofar Jatau. Wannan tsohonsa makaho ne, waccan ɗanta na ɓarin abinci. Jatau ba ya sa gizago a ice sai ya tambaya, "Wa zai ci a ciki?" Sannan ya yi ƙirar da ta dace da mai ita. Amma bai yarda ko ɗaya ya fita daga gidansa fari ba, sai ya gasa shi a wuta tukuna. Ya ce farin akushi ya tafi tare da Tabawa.

Shi ya sa har yau, yara, masassaƙa ke yin akushi iri-iri, kuma ba sa miƙa shi ga mai saye sai ya sha wuta ya yi baƙi. Yawancinsu ba su ma san takabar wa akushin yake yi da wannan baƙin ba.