Kurege Mai Kaɗa Ƙararrawa

Ku matso kusa, 'ya'yana, ga wata ta iso muku.

A makarantar dabbobi da ke gindin tsamiya babu ɗalibin da ya kai Kurege lalacewa. Ba ya zuwa sai lokacin tara, sa'ad da kowa ya buɗe kwanon abincinsa. Ya zagaya yana lasar baki, a kore shi, ya koma rami da yunwarsa.

Kura ta ce a sallame shi kawai. Malam Kunkuru kuwa ya ce, "Daga gobe Kurege ne mai kaɗa ƙararrawa."

Ƙararrawar tsohuwar garma ce rataye a reshe. Agogon kuwa sanda ce kafe a ƙasa, da duwatsu uku. Inuwa ta taɓa na farko a shiga aji, na biyu a fita tara, na uku a dawo. Wanda ya makara, bulala.

Kurege ya bugi ƙirji ya ce, "Allah gafarta Malam, kun iya zaɓe. Ni da rana tare muka taso, ba ta motsi sai ta tambaye ni."

Da gari ya waye ya riga kowa zuwa, ya mirgina dutse na uku har ya jingina da na biyu. Aka fita tara. Kura ta kai loma ɗaya, Ɓauna da ɗan Zaki ko hannu ba su gama wankewa ba, sai kwangarang! Suka watsar da kwanuka suka ruga aji. Kurege ya share kwano uku tas, ya shigo da maiƙo a gemu, ya zauna gaban Malam, don daga nan ake hango sandar. Karatu ya riƙa shiga kunnensa ba da son ransa ba.

Ɓauna ta ce, "Wai ni kam, me ya sami tara?"

Kurege ya ce, "Yaya Ɓauna, rana ce ke gaggawa bana. Na yi mata faɗa, ba ta ji."

Kura ba ta yarda ba. Da gari ya waye ta yi sammako ta mayar da dutse na uku wurinsa, ta tsare duwatsun. Kurege ya shafe jikinsa da toka, ya naɗa rawanin ɓawon ayaba, ya ce shi ne sufeton inuwa daga birni, kuma dutsen nan ya karkace. Kura ta durƙusa ta gaishe shi, ta tura masa dutsen da kanta.

Haka aka yi ta yi har kwana goma sha biyu. Malam Kunkuru dai ya dubi duwatsun, ya dubi Kurege zaune a gabansa, ya ci gaba da koyarwarsa.

Da gari ya waye a rana ta sha uku, hadari ya rufe sama. Ɗan Zaki ya zo da dambun nama. Ana fita tara ƙamshi ya bugi Kurege, ko sandar bai kalla ba ya dankara wa garma.

Babu wanda ya motsa.

Kurege ya ce, "Ba ku ji ba ne? Inuwa ta taɓa dutse!"

Kura ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta ce, "Wace inuwa, ɗan nan?"

Ɓauna ta ɗaga shi da ƙaho, ɗan Zaki ya tare shi da mari, Kura ta tsige masa rabin gashin wutsiya. Da ƙyar ya suɓuce ya faɗa rami. Can sai ya leƙo da kumburarren ido yana ihu, "Ku daka, ai na riga na ci! Kwano uku kullum, kwana goma sha biyu, talatin da shida ke nan a cikin nan nawa!"

Malam Kunkuru ya lissafa a hankali da yatsunsa, ya ce, "Daidai ne. Ku tafa masa."

Suka tafa, suna harararsa.

Nan tawa ta tsaya, kowa ya riƙe kwanonsa da kyau.