Zazzaɓin Ranar Talata

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari mai nisa, tun zamanin da ake rataye tsohon ƙarfen mota a bishiya ana bugawa a madadin ƙararrawa. Sunansa Malam Mudi, malamin firamare ne. Gajere, siriri, riga biyu yake juyawa, kekensa kuwa sai ka ji ƙararsa kafin ka hango shi. Ku saurara da kyau, iyaye da malamai, domin labarin nan ya shafe mu duka.

A garin nan, duk ƙarshen shekara ana yi wa 'yan aji shida jarrabawar shiga sakandare. Daga birni ake aiko da ita a ɗaure, kuma kullum ranar Talata ake yin ta. Idan sakamako ya fito, sai a jera sunayen makarantun yankin a kan allo a ƙofar ofishin ilimi, daga ta ɗaya har ta ƙarshe. Wadda ta hau sama, a yaba wa hedimastanta. Wadda ta faɗo ƙasa, a kira shi a wanke shi tas, a watsa malamansa ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Makarantar su Malam Mudi shekara shida tana ta ɗaya. Duk yaron da ya zauna jarrabawa, ya ci.

Ku riƙe wannan maganar: duk yaron da ya zauna.

Akwai wata ƙa'ida a lokacin, cewa ɗalibin da rashin lafiya ya hana shi zuwa, ba a ƙirga shi cikin waɗanda suka faɗi. To, ta wannan ƙofar ake bi. Ana saura mako guda, sai hedimasta ya tsince sunayen yaran da yake ganin ba za su ci ba, ya ba malamin aji shida. Malamin ya bi gida gida yana gaya wa iyaye cewa ranar Talata yaro ya kwanta. Daga nan ya sa hannu a takarda, yana shaida cewa ba su da lafiya. Abin ya daɗe har mutanen gari sun sa masa suna zazzaɓin Talata. Ciwo ne da ba ya kama mai ƙoƙari, kuma yana sauka da kansa da azahar.

Malam Mudi shekara da shekaru aji biyu yake koyarwa, labarin kawai yake ji. A wannan shekara ce malamin aji shida ya yi ritaya, aka ba shi ajin. Yaran nan kuwa duk ta hannunsa suka bi suna ƙanana. Shi ya koya musu riƙon fensir.

Ran nan hedimasta, Alhaji Sabo, ya kira shi ofis, ya miƙa masa takarda. Sunaye goma sha ɗaya.

Ya ce, "Ka san aikin, ba sai na yi maka bayani ba. Ka zagaya gidajen, Litinin ka dawo min da ita da sa hannunka."

Malam Mudi ya karɓa da hannu biyu, ya fito. A gindin darbejiya ya tarar da malamai suna hutun tara. Malam Shitu mai koyar da lissafi ya hango takardar, ya kwashe da dariya.

"A'a, an naɗa sabon likita. Likita, mutum nawa za a kwantar bana?"

Malama Hansatu ta aji huɗu ta ce, "Kai dai ba ka rabuwa da wasa. Ni abin nan ya ishe ni. Tun bayan hutu, ko a aji huɗu, ban koya wa yaro komai ba sai tambayoyin bara da na bara waccan. Yarinya za ta gaya maka amsar lamba bakwai, amma ka ba ta wasiƙa ta karanta wa uwarta, sai ta tsaya tana kallonka."

Malam Shitu ya ce, "To ki je ofis ki gaya musu mana. Su allo suke kallo, ba yara ba. Ni ina da iyali, Hansatu. Ba zan je in koyar da birai a bayan kogi ba."

"Da can muna koyarwa," in ji ta. "Yanzu tsince muke yi kamar masu gyaran wake."

Malam Mudi yana dai duba sunayen. Na huɗu a jerin Ladidi ce, 'yar Na'Allah mai haƙar rijiya. Ya tuna ta tana aji biyu, tana rubuta baƙaƙe a juye, tana gogewa da yawu har takarda ta huje, amma ba ta taɓa fashi ba ko ana ruwa.

Da la'asar ya hau keke, ya fara da gidansu. Ya yi sallama, Na'Allah ya fito, ƙafafunsa duk laka. Da ya ga takarda a hannun Malam, bai jira an yi masa bayani ba.

"Malam, kada ka wahalar da bakinka, mun san zancen. Wanta ma ya yi zazzaɓin nan shekara biyu da suka wuce. Yanzu yana can cikin ramin rijiya, shi ke miƙo min ƙasa. Talata ko? Za ta kwanta."

Jama'a, wannan magana ta tsaya wa Malam Mudi a ƙirji. Ba faɗa mutumin nan ya yi ba, ba kuka ya yi ba. Ya saba ne kawai. Shi ne abin da ya fi ciwo.

Malam Mudi ya ce, "Ciwo take yi?"

"Wa? Ladidi? Ga ta can tana jan guga."

"To ranar Talata a tashe ta da wuri, a ba ta abinci ta ƙoshi. Zan biyo in tafi da ita."

Na'Allah ya dube shi sama da ƙasa. "In ta faɗi fa, Malam? Kanta da nauyi wajen karatu, ni ma na sani."

"In ta faɗi, ta faɗi a kan benci da fensir a hannunta. Shekara shida tana zuwa makaranta saboda wannan ranar. Ba ni zan kwantar da ita ba."

Haka ya bi gida goma sha ɗaya, maganarsa ɗaya. Ya kuma ce a turo masa su kowace la'asar har ranar ta zo. Kwana shida ba sa mayar da yaro gwani, shi ma ya sani. Amma ya zaunar da su, ya nuna musu yadda ake karanta tambaya a tsanake, ya yanka fensira biyu biyu da reza ya fiƙe, kowa ya samu.

Ku lura da wani abu. Bawan Allahn nan bai yi a ɓoye ba. Ranar Litinin ya shiga ofis, ya ajiye takardar a kan tebur.

Alhaji Sabo ya juya ta. "Ina sa hannun?"

"Ranka ya daɗe, na je gidajen duka. Kowa lafiyarsa ƙalau."

"Malam Mudi, wasa kake yi da ni?"

"Wane ni. An ce in shaida cewa ba su da lafiya, na je na duba, suna da ita."

Hedimasta ya tashi ya tura ƙofa, ya sassauta murya. "Kana tsammani daɗi nake ji? Shekarar da muka zo na tara, an tsayar da ni a ofis a gaban yaran da na koyar, ana tambayata ko na san aikina. Ba kai aka tsayar ba. Yaran nan ko sun zauna faɗuwa za su yi. Me ka ƙara musu? Ka ja mana ƙasa, ka ja wa kanka bayan kogi, su kuma ba su tsira da komai ba."

Malam Mudi ya ce, "Ko su ci ko su faɗi, wannan ban sani ba, ranka ya daɗe. Kai ma ba ka sani ba. Abin da na sani shi ne hannuna za a tambaya ranar da za a tambayi hannuwa. Shaidar zur ce, ko da biro aka yi ta."

"To ka fara ɗaure kayanka."

"Ba su da yawa, ranka ya daɗe."

Kada ku ɗauka bai ji tsoro ba. Ya ji. Yana da mata da 'ya'ya huɗu, mahaifiyarsa tsohuwa tana gidansa, asibiti kuma a gari yake, ba a bayan kogi ba. Da yamma kuma ya ji labari hedimasta ya tura masinja gidajen nan duka, cewa kada wanda ya saurari Mudi, wanda ya turo ɗansa ya kuka da kansa.

Talata ta yi. Bayan sallar asuba ya tura kekensa, ya shiga unguwa. Gida na farko aka ce yaro na kwance. Gida na biyu ko amsa sallama ba a yi ba. Ya tsaya a lungu riƙe da keke, yana tunanin ko ya jefa iyalinsa a wahala ne a banza. Sai ya hango Na'Allah tafe, ya sa rigar Juma'a a ranar Talata, Ladidi na biye da shi da guntun fensir a dunƙule a hannu. Da maƙwabta suka ga mai haƙar rijiya ya fito da tasa, sai ƙofofi suka fara buɗewa. Yara tara suka bi bayan keken nan har makaranta.

A bakin ƙofa Alhaji Sabo yake tsaye. Ya tare Ladidi.

"Ke, ba an ce ba ki da lafiya ba?"

Yarinya ta dubi ubanta, ta dubi Malam Mudi, ta sunkuyar da kai. "Na ci ɗumame malmala biyu, Malam."

Wani daga cikin iyaye ya tuntsire da dariya. Hayaniya ta jawo sufeton da aka turo daga birni ya kula da jarrabawar. Ya fito da rajista a hannu, ya ce me ke faruwa.

Malam Mudi ya ce, "Ɗalibai ne, ranka ya daɗe, sun zo jarrabawa. Sunayensu na cikin littafin nan."

Sufeto ya kira suna, suna amsawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce to me ake jira, su shiga. Hedimasta ya matsa gefe. Malama Hansatu ce ta ruga ta jawo ƙarin benci, Malam Shitu ya kama mata ɗaya gefen, bai kalli kowa ba.

Yanzu kuna jira in ce duk tara ɗin sun ci, aka ɗauki Malam Mudi a kafaɗa. A'a. Ba zan yi muku ƙarya a labarin mutumin da ya ƙi ƙarya ba. Uku suka ci, shida suka faɗi. Ladidi tana cikin waɗanda suka faɗi. Makaranta ta sauko daga ta ɗaya zuwa ta bakwai, kuma kafin wata ya cika, takardar canjin wurin aiki ta iso. Bayan kogi.

Ranar tafiya Na'Allah ya zo ya ɗaukar masa akwati har bakin jirgin fito. Malam Mudi ya ce masa, "Ka yi haƙuri, ba ta ci ba."

Na'Allah ya ce, "Haƙurin me? Da ta dawo ran nan ta ce min, Baba, ashe tambayoyin ba aljanu ba ne, na san wasu. Ta ce a mayar da ita, za ta sake zama. Wanta bai taɓa ganin ko launin takardar ba. Kuma yara ukun nan da suka ci, Malam, da yanzu suna ina?"

Da shekara ta zagayo, aka sake tsince sunaye, aka ba wani malami. Ya isa ƙofar Na'Allah, ya yi sallama. Na'Allah ya leƙo ya ce, "Malam, zazzaɓin nan ya bar gidan nan. Ka gwada gaba." Ya gwada gaba, amsar ɗaya. Ya mayar da takardar ba sa hannu. Daga wannan shekara ba a sake kwantar da yaro ranar Talata a garin ba. Malam Mudi kuwa a bayan kogi ya ƙare aikinsa, ba a taɓa dawo da shi ba.

To, jama'a, darasin a fili yake. An yi jarrabawa ne domin a auna yaro a san inda za a taimake shi. Duk ranar da aka koma ɓoye yaro domin jarrabawa ta yi kyau, an ci amana, ko wane ne ya sa hannu.

Kada ku ce wannan zancen da ne. Zazzaɓin yana nan, suna ya canza. Yau cewa ake yi a bar shi ya maimaita aji, ko a kai shi wani wuri a yi masa rajista, kada ya ɓata mana sakamako. Malamai, mun san ana matsa muku daga sama, mun san kuna da iyali. Amma hannun naku ne. Mu kuma iyaye, kada mu wanke kanmu. Yaro ya dawo daga makaranta, ba ma tambayarsa me ya koya, sai na nawa ya zo. Mu ne muke tsayawa a gaban allon nan muna yaba wa makarantar da ta zubar da 'ya'yan maƙwabtanmu.

Ni ma ina da ɗa a aji shida, saura kwana tara su zauna. Makinsa na gwaji ba ya faranta rai, kuma an riga an ba ni shawara cikin ladabi in bar shi sai baɗi. Amma lafiyarsa ƙalau. Ranar zan tashe shi da wuri, ya ci ya ƙoshi, in kai shi ƙofar aji da ƙafata. Mai ɗa irin nawa, mu haɗu a bakin ƙofar.

Allah Ya ba 'ya'yanmu malamai masu tsoron abin da hannunsu ya rubuta, Ya ba mu zuciyar tsaya musu.