Ƙafa Ta Tona Abin da Baki Ya Rufe

Ku matso kusa, yara. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

An yi wata tsohuwa, Inna Yalwa, ita ke ajiye wa mutanen garinsu irin gero. Da aka yi shekarar fari sai ta ɓoye irin a daji cikin wani dutse, don in aka cinye shi babu shukar baɗi.

Ta kira jikokinta uku, ta raɗa wa kowace nata kason asirin a kunne. Tasalla ta riƙe hanya. Dela ta riƙe sunan bishiyar da ke gindin dutsen. Kyauta, 'yar auta, ta riƙe waƙar da ke buɗe shi. Inna ta ce, "Ku ja bakinku. Sai ranar shuka za ku haɗa."

Dila ya ji labari, ya zo da zaƙin baki. Tasalla ta ce, "Bakina a rufe." Dela ta ce, "Bakina a rufe." Kyauta ma ta ce, "Bakina a rufe."

Sai Dila ya zauna kan tushen ice, ya zuba ido. Tasalla ta dawo daga sharar hanyarta da jar ƙasa a ƙafa. Dela kuwa duk tsamiyar da ta wuce sai ta waiwaya. Kyauta in tana daka, taɓaryarta kiɗan waƙar take bi. Dila ya bi jar ƙasa, ya nemi tsamiya, ya rera. Dutse ya buɗe. Ya cinye rabin irin, ya shigo gari da ƙaiƙayi a gashin baki.

Yaran suka faɗa jikin Inna suna kuka. "Wallahi, Inna, ba mu faɗa ba!"

Ta share musu hawaye da gefen zanenta. "Na sani, 'ya'yan albarka. Bakinku ya riƙe amana. Ƙafa da ido da hannu ne ba a yi wa gargaɗi ba."

Ta hau jaki ta sauya wa ragowar irin wuri, ta sake raba musu asirin. Daga ranar Tasalla kowace hanya take sharewa, ja, baƙa da fara. Dela kowace bishiya sai ta waiwaya. Kyauta kowace waƙa ta ji sai ta daka da ita.

Dila ya bi nan, ya bi can, har tafin ƙafarsa ya tsage. Ya tsaya gaban wani dutse yana rera waƙar raino, rina suka fito suka yi masa rubdugu.

Ruwa ya sauka. 'Yan matan suka haɗa abin da suka sani, suka ɗauko irin. Inna Yalwa ce ta jefa ƙwayar farko a rami, Kyauta na riƙe da gwiwar hannunta.

To, yara, mai riƙon asiri ya kula da sawunsa kamar yadda yake kula da harshensa.

Ƙurunƙus, kan dila mai kumburi.